Tambaya da Amsa: Shin Mai Hankali Zai Iya Sa Rai a Wannan Zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a. Duk lokacin da na saurari labarai sai in ji yaƙe-yaƙe, da shugabannin da suke ƙin sauka daga mulki, da ɗumamar yanayi, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ake cewa za ta raba mutane da ayyukansu. Idan aka ce in sa rai da alheri, sai in ji kamar rarrashina kawai ake yi. Shin mutum zai iya riƙe fata ba tare da ya yaudari kansa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba zan rarrashe ki ba, domin abin da kika lissafa gaskiya ne. Iskar kabon da ke sararin samaniya, wadda ke jawo ɗumamar yanayi, ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Inda zan ja da ke shi ne zaton da mutane da yawa suke yi cewa mai yanke ƙauna ya fi kowa idon basira. A ganina yana da'awar abin da ba shi da shi, wato sanin gobe. A watan Oktoba na 1962, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kwashe kwana 13 a bakin yaƙin nukiliya saboda makamai masu linzami da aka girke a Kyuba, kuma wanda ya ce a lokacin duniya ta zo ƙarshe ba za a kira shi mahaukaci ba. Makaman nukiliya sun ci gaba da ƙaruwa har suka kai kimanin 70,000 a 1986, amma yanzu ba su wuce kimanin 12,000 ba. Wannan adadi ma ya isa ya halaka duniya, sai dai raguwar ta samu ne saboda abokan gaba sun zauna sun yi ciniki shekara da shekaru, jama'a kuma sun matsa musu lamba.

Haka batun shimfiɗar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. A 1985 masana suka ba da rahoton ɓulewarta a saman Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, a 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal da ta taƙaita sinadaran firji da na feshi masu lalata ta, kuma ana hasashen za ta farfaɗo a can wajen 2066. Kada dai mu cika baki da wannan misali, domin sinadaran kaɗan ne kuma an samu madadinsu, alhali man fetur da gawayi da gas, waɗanda ƙona su ke ɗumama yanayi, su ne ƙashin bayan tattalin arzikin duniya. Iyakar ƙarin zafin duniya ta digiri 1.5 sama da na kafin zamanin masana'antu, wadda aka sa a gaba a yarjejeniyar yanayi ta Paris ta 2015, tana neman kuɓucewa. Duk da haka, wuce ta ba ya nufin aiki ya ƙare, tun da digiri 1.7 ya fi 2 sauƙi, 2 kuma ya fi 2.5 sauƙi, kuma bambancin da ke tsakaninsu amfanin gona ne da gidaje da rayukan mutane. Muddin sakamako ya dogara da abin da mutane za su aikata, akwai hujjar sa rai.

Abin da ya salwanta kuwa ya salwanta. Halittun da suka ƙare ba za su dawo ba, haka waɗanda yaƙi ya ci. Fatan da ya musanta wannan shi ne rarrashin da kika ƙi, kuma kin yi daidai. Hadisin da ya umarci mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama tana tsayawa bai yi masa alkawarin cin 'ya'yansa ba, aikin kawai ya ɗora masa.

Game da ƙirƙirarriyar basira, kamfanoni ne suke gina ta, dokoki kuma suna iya ɗaure su, kamar yadda Tarayyar Turai ta fara da dokarta ta 2024. Wanda zai ci ribarta da wanda zai ɗauki asararta tambaya ce ta siyasa.

A siyasar ne kuwa tsorona ya fi yawa, domin duk nasarorin da na ambata sun samu ne a lokacin da masu gaba da juna suka yarda su ɗaure kansu da yarjejeniya, kuma wannan ɗabi'a tana raguwa: yarjejeniyar 1987 da ta haramta wa Amurka da Tarayyar Sobiyet (daga baya Rasha) makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango da ake harbawa daga ƙasa ta rushe a 2019. Saboda haka shawarata ita ce ki rage lokacin da kike ba labarai, ki zaɓi matsala ɗaya da karatunki ya shafa, ki san ta ciki da waje, sannan ki nemi waɗanda suke aiki a kanta ki shiga cikinsu.