Tambaya da Amsa: Baƙin da ke jikin munduwar Hopi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana da ya yi karatu a Amurka ya kawo mini tsarabar wata tsohuwar munduwar azurfa, ya ce aikin ƙabilar Hopi ne. Na kai wa wani maƙerin fari a nan garinmu, ya ce baƙin da ke cikin zanen datti ne, zai wanke shi tas. Shin in bari ya wanke? Kuma ta yaya zan gane ta gaske ce, tunda ina sha'awar fara tara irinta?
Daga wata mai karatu a Birnin Kebbi

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Don Allah ki karɓo munduwarki kafin ya sa mata hannu, domin wannan baƙin da gangan aka yi shi, kuma idan ya tafi darajarta ta zube.

Hopi ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka da ke zaune a kan tuddai uku a arewa maso gabashin jihar Arizona. Maƙeransu suna aiki da fallen azurfa biyu: na sama su yanke zane a jikinsa da siririn zarto, su ɗora shi a kan na ƙasa su haɗe da wuta, sannan su baƙanta abin da ke leƙowa ta ramukan da sinadarin farar wuta, su bi shi da ƙananan sara a jere. Salon ya kankama ne a 1947, lokacin da wasu 'yan Hopi biyu, mai zane Fred Kabotie da maƙerin azurfa Paul Saufkie, suka fara koyar da sojojin Hopi da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma kafa ƙungiyar maƙeransu a 1949. Saboda haka duk wanda ya ce miki tasa ta shekara ɗari biyu, ki kama kuɗinki.

Wajen tantancewa, ki leƙa cikin ramukan zanen da kyau. Aikin hannu yana da bango tsaye mai kaifi, wani lokaci har da sawun zarto, yayin da na zubi yake fitowa a dakushe, da ɗan ƙuraje. Sannan ki juya bayanta ki nemi tambarin maƙerin, wanda sau da yawa alama ce ta zuri'arsa, kamar girgije ko sawun dabba, kuma kayan ƙungiyar sukan ɗauki fuskar rana a gefensa. A ganina tambari shaida ne mai rauni idan shi kaɗai ne, tunda ana kwaikwayonsa, ko da yake dokar Amurka ta 1990 ta haramta sayar da jabu da sunan aikin 'yan asalin ƙasar.

Game da gogewa kuwa, toka da lemun tsami da muke wanke zobba da su ba su dace a nan ba. Ki shafa saman kawai da busasshen tsumma mai laushi, ki naɗe ta ita kaɗai a ƙyalle, nesa da turare da laimar damina.