Maƙerin da ke kan baure

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Muna da lambu a Mirriya, kusa da Damagaram. Tun da bazara ta kama, wani tsuntsu ke ta "tok, tok, tok" da tsakar rana kamar maƙeri, amma ban taɓa ganinsa ba. Ƙanena ya nuna mini hoton wani baƙin tsuntsu mai ɗige-ɗigen rawaya da jan goshi a wayarsa, ya ce shi ne. Gaskiya ne?
Mai lambu, Mirriya.

Amsa: Ina amsawa, Malam. Ƙanenka ya gane dangin, amma ya kuskure gidan. Wanda ke cikin hoton ɗan kurmi ne, sai irin dazuzzukan Okomu da Kuros Riba a kudancin Najeriya, inda ganye ke rufe sama. Zafin Damagaram ba nasa ba ne.

Naka ƙaninsa ne, wanda littattafan Faransanci ke kira barbion. Tsawonsa kamar santimita 11, bai kai tafin hannu ba. Ga tabon rawaya a goshi, fuska da zanen fari da baƙi, baki gajere mai kauri, da 'yan gasu tsaye a gindin bakin kamar gashin baki. Yatsunsa biyu gaba, biyu baya.

Ni ma ya wahalar da ni. Na yi kwana uku ina zagaya wani baure a bayan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wuya ya ƙage, don sautin nan yakan ruɗi kunne: yana juya kai, sai ka ji kamar daga wata bishiyar yake. Ranar da na gaji na shimfiɗa tabarma na zauna, sai ga shi a kan busasshen reshe, maƙogwaro na bugawa da kowane "tok". Har yau ina jin daɗin wannan gani.

Don haka kada ka bi shi. Zauna da hantsi a gindin baure mai 'ya'ya, ko bishiyar da kauci ya kama, rana a bayanka. Yana son 'ya'yan kauci ƙwarai. In ƙwallon ya manne masa a baki sai ya goge a reshe, nan kuma sabon kauci ke tsirowa.

Roƙona ɗaya: in kana sassabe, bar masa busasshen reshe ko guda. A ciki yake fafe ɗan rami ya yi ƙwai, ƙofar a ƙasan reshen. In ka ga ramin, faɗa wa yaran lambu su ajiye danƙonsu.