Shin da gaske CIA ta tsare mutane a ɓoye a ƙasashen waje?

Malam, ka tambaya ko kurkukun sirri na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, gaskiya ne ko ji-ta-ji-ta. Gaskiya ne, kuma Shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, da bakinsa ya amsa a Satumbar 2006, lokacin da ya mayar da fursunoni 14 Gwantanamo, kurkukun sojan Amurka da ke Kuba.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, an buɗe irin waɗannan wurare a Tailan, Poland, Romaniya, Lithuania da Afganistan, domin a yi wa mutum tambayoyi inda babu alƙali, babu lauya. Rahoton Majalisar Dattawan Amurka na Disambar 2014 ya ƙirga mutum 119 da CIA ta tsare, kuma aƙalla 26 an kama su ne bisa kuskure. Abu Zubaida, ɗaya daga cikin fursunonin, shi kaɗai sau 83 aka yi masa azabar shaƙewa da ruwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Khalid al-Masri, ɗan Jamus. Sunansa kawai ya yi kama da na wani da ake nema. Aka sace shi a Masedoniya, aka kai shi Afganistan wata huɗu, sannan aka yar da shi a bakin hanya a Albaniya a 2004.