Fatawa: Hukuncin Jera Kaya Don Jan Hankalin Mai Saye a Shago da Gidan Abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ƙaramin shagon kayan masarufi, a gefensa kuma muna sayar da dafaffen abinci. An koya mini dabarun jera kaya: a sa masu kyau a sama, a tura waɗanda suka daɗe gaba, a haska nama da fitila mai launi, a liƙa hotunan abinci, a rubuta an yi ragi. Ciniki ya ƙaru, amma zuciyata ba ta natsu ba. Wanne ya halatta, wanne ne algus?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwancinka albarka. Asalin ciniki halacci ne, kamar yadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta faɗa, kuma gyara haja da tsaftace ta da baje ta yadda za ta yi kyan gani duk suna cikin wannan halaccin. Ka goge kanta, ka juyo da fuskar kowane gwangwani waje, ka sa abin da aka fi nema daidai idon mai shigowa, masu nauyi a ƙasa don kada su faɗo wa wani, ka haɗa kayan da ake saye tare a wuri ɗaya. Babu wanda zai ce maka ka yi laifi. Shari'a tana tsoma baki ne a wuri ɗaya: idan abin da idon mai saye ya gani ya saɓa da abin da hannunsa zai ɗauka zuwa gida. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta ɗora halaccin cin dukiyar juna a kan fatauci da yardar juna, wanda aka ruɗa kuwa ya yarda ne da abin da aka nuna masa, bai yarda da abin da aka ɓoye ba.

Hadisin da ya zama ginshiƙi a wannan babi a kan jeren kaya ya zo kai tsaye. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani tsibin abinci, sai ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya ce: "Mene ne wannan, ya kai mai abinci?" Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce: "Me ya hana ka sa shi a sama don mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ka lura da kyau: mutumin nan bai furta ƙarya ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Laifinsa kawai yadda ya kasa kayan, busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Daga nan malamai suka fahimci cewa jeri ma magana ne, yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙarya.

Don haka abu na farko da ka ambata, wato masu kyau a sama, hukuncinsa ya danganta da yadda ake sayarwa. Idan mai saye ne ke zaɓa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma yana ganin abin da yake ɗauka, babu laifi ka fito da mafi kyau gaba. Idan kuwa kwando ne ko buhu ko ƙunshi da ake ɗauka gaba ɗaya, to saman nan shi ne shaidar ƙasan. Malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ake aunawa ta hanyar ganin wani sashe nasa, saboda ana ɗauka cewa sauran irinsa ne. Wanda ya shimfiɗa manyan tumatir lafiyayyu a sama, ya binne ƙanana da fasassu a ƙasa, ya ci amanar wannan rangwamen da shari'a ta yi. Ibn Abi Zaid ya jero abubuwan da ba su halatta a ciniki a cikin Risala, ya ambaci ɓoye aibi, da cakuɗa maras kyau da mai kyau, da ɓoye duk wani abu game da haja wanda da an faɗa mai saye zai ƙi ta ko ya rage mata kuɗi. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce ma'aunin da ya kamata ka riƙe a kan kowane kaya. Mafita mai sauƙi ce: ka tsince kayan kashi biyu ko uku, kowane kashi da farashinsa. Wannan ma ya fi maka ta fuskar sana'a, domin ruɓaɓɓe ɗaya da aka binne a ƙasa ruwansa yana bin na kusa da shi, kafin kwana biyu an yi asarar rabin kwandon.

Tura kayan da suka daɗe gaba ya halatta, har ma shi ne daidai a tsarin shago: wanda ya riga shigowa ya riga fita, sabo a jera shi a baya. Sharaɗi shi ne kayan suna nan lafiya kuma kwanan watan ƙarewar wa'adinsu yana bayyane. Inda ake faɗawa haram shi ne a liƙa takardar farashi daidai kan kwanan watan, ko a kankare shi, ko a juye kayan cikin wata leda da babu rubutu. Abin da wa'adinsa ya kusa, ware shi a kanta guda, ka rubuta dalili, ka rage kuɗi. Wanda ya saya yana sane, cinikinsa ingantacce ne. Abin da ya riga ya lalace har zai cutar kuwa, bayani ba ya halatta shi, ko kyauta ba a bayar da shi don a ci.

Maganar fitila tsohuwa ce, kayan aikin ne kawai suka sauya. Imam Gazali ya ambata a cikin Ihya'u cewa wanda ya nuna kyakkyawar fuskar tufa ya ɓoye ɗayar ya yi algus, haka wanda ya baje tufafi a wuri mai duhu, haka wanda ya nuna mafi kyawun ƙafa ɗaya ta takalmi. Ƙwan lantarki mai ja yana yin aikin duhun nan: naman da ya fara dusashewa sai ya koma jawur kamar yanzu aka yanka, mai saye bai gane ba sai ya fita hasken rana. Fitila fara mai nuna launin kaya yadda yake babu komai a kanta, ƙara ta ma abu ne mai kyau. Gwajin da za ka yi shi ne ka ɗauki kayan daga ƙarƙashin fitilar ka kai bakin ƙofa. Idan launin ya canza har kai kanka ka ji ba ka so, cire wannan ƙwan. Wannan yana da kama da hanin da ya zo a Bukhari da Muslim na ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, inda aka ba shi zaɓin mayarwa tare da sa'i ɗaya na dabino. Yayyafa wa ganye ruwa don kada ya yi yaushi halal ne, amma idan da sikeli ake sayarwa sai a kakkaɓe ruwan kafin awo, in ba haka ba an sayar da ruwa da kuɗin ganye, kuma an shiga gargaɗin farkon Suratul Muɗaffifin.

Ɓangaren dafaffen abinci shi ya fi bukatar tsayawa, domin a nan kuskure yana wuce aljihu ya kai ga lafiyar mutum, kuma ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" tana aiki kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni sananne: abinci mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Akwatin gilashi mai ƙaramin ƙwan fitila a ciki sau da yawa ɗumi kawai yake bayarwa, bai kai 60 ba, sai ya zama abincin yana kyau a ido alhali yana zaune a yanayin da ya fi haɗari. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi na abinci, ka riƙa soka shi tsakiyar tire. Ka fitar da kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zai ƙare, kada ka cika tire don a ga yawa. Kuma kada a zuba sabon girki a kan ragowar na ɗazu a cikin tire ɗaya, wannan cakuɗa ce da Risala ta hana, sannan na ƙasan yana iya kwana yana zagayawa ba a sani ba. Ɗanyen nama a firji a ƙasan dafaffe yake zama, don kada ruwansa ya ɗiga. A shago kuma sabulu da maganin ƙwari da man fitila su yi nesa da gari da sukari, waɗannan suna ɗaukar wari.

Abincin jiya da aka adana a firji yadda ya kamata aka ɗumama shi sosai ya halatta a sayar. Sai dai idan aka jera shi cikin na yau, ko aka tambaya aka ce yanzu aka sauke, an yi ƙarya. Mafi yawan mutane da sun san kwanan abinci ne za su fasa ko su nemi ragi, don haka ya shiga abin da ba a ɓoyewa.

Hoton abinci siffantawa ce, ciniki a kan siffa kuma ya inganta muddin kayan sun zo yadda aka siffanta. Idan hoto ya nuna yanka huɗu aka kawo biyu, ko an ɗauko hoton girkin wasu daga intanet wanda naka bai kama ƙafarsa ba, mai saye yana da haƙƙin ya ƙi karɓa, kai kuma kana da zunubin ruɗi. Ɗauki hoton farantinka yadda kake zubawa kullum, a haske mai kyau, ya wadatar.

Rubuta ragi kuwa sai in ragin na gaske ne. A rubuta wani tsohon farashi da ba a taɓa sayarwa a kansa ba, a soke shi da jan biro, a ce an rage kashi 30 cikin 100, wannan ƙarya ce a rubuce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa tallan da ke ambaton siffofin da ba gaskiya ba ko kumbura farashi don ruɗin mai saye cikin sababbin nau'o'in najashi da aka hana, wato ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, don a ruɗi wani ya saya da tsada. Haka rubuta "saura kaɗan" alhali sito cike yake. Liƙa farashi a jikin kaya abu ne mai kyau ƙwarai, domin sanin kuɗi sharaɗi ne a ciniki, musamman a gidan abinci inda ake ci kafin a biya. Idan farashi ya tashi aka manta ba a sauya takarda ba, ka gaya wa mai saye kafin ka karɓi kuɗinsa, ya saya ko ya fasa. Ba a tilasta maka sayarwa a kan kuskure, amma barin tsohuwar takarda da gangan don ta jawo mutane ciki yaudara ce.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma yana tafe da wannan babi. Fitar da tebur da kwanduna har su cinye hanyar mutane bai halatta ba. Hanya haƙƙin kowa ce, kuma kamewa daga cutar da mutane yana cikin haƙƙoƙinta da hadisin Abu Sa'id ya lissafa a Bukhari da Muslim. Idan mai tafiya a ƙasa sai ya sauka kan titi ya kauce wa kayanka, ka ja su baya, ka tsaya iyakar da hukuma ta yarda. Jera kwalaye marasa komai a saman kanta don shago ya yi kyan gani babu laifi a wurin mai sayen ɗaiɗai, tunda ba su yake saye ba, amma haramun ne idan don a ruɗi mai ba da bashin kaya ne ko wanda zai sa jari ko zai sayi shagon. Mai sayar da tufafi kuma ya yi amfani da mutum-mutumi maras kai, domin a hadisin Abu Dawud da Tirmizi an yi umarni a cire kan mutum-mutumi ya koma kamar itace.

Game da abin da ya wuce, duk wanda ka san ka sayar masa da kaya mai ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa, sai ka sanar da shi ko ka nemi yafiyarsa. Waɗanda ba ka san su ba, ka ƙiyasta bambancin da ke tsakanin kuɗin lafiyayye da na mai aibi, ka yi sadaka da shi a madadinsu, tare da tuba. Yaran shago ma ka zaunar da su ka nuna musu da hannunka yadda ake ware kaya da inda ake liƙa takardar farashi, domin abin da suka jera da umarninka ko da saninka yana wuyanka.

Allah ne mafi sani.