Bugun zuciya ya rikice lokacin sa bututun wankin ƙoda

'Yar'uwa, kin ce ana cikin sa wa Baba bututun wankin ƙoda a wuya zuciyarsa ta fara bugawa ba daidai ba, kina tsoron ko an ji masa ciwo. Allah ya ba shi lafiya.

Kafin a sa bututun, likita yana zura siririyar waya ta jijiyar wuya, yawanci ta dama. Idan wayar ta zarce ta taɓa cikin zuciya, sai bugun ya rikice. Galibi da an ɗan janye ta yake daidaita, shi ya sa ake sa na'urar duba bugun zuciya lokacin aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne sinadarin fotasiyam. Yana taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, kuma shi kaɗai yana iya rikita zuciya. Ki tambayi ko an auna shi, da ko hoton ƙirji ya nuna bakin bututun ya zauna daidai. A rage masa ayaba, dabino da lemu saboda suna da fotasiyam da yawa, kada kuma a ba shi jiƙo.

In ya suma, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti nan take, kada a jira ranar wanki.