Hukuncin Cin Kifi Mai Kunamar Bindiga

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Akwai wani kifin teku mai kaurin fata da haƙora masu ƙarfi, wanda ake cewa yana cizon mutane, kuma wani lokaci namansa yana da guba. Shin ya halatta a ci shi, ko ya shiga cikin dabbobi masu fiƙa da aka hana?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malamai sun ce hukunta abu yana biyo bayan saninsa, saboda haka bari mu fara da shi kansa kifin, wato kifi mai kunamar bindiga. Danginsa sun kai nau'i 40, kuma mafi yawansu suna zaune ne a duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya da Tekun Indiya da Tekun Fasifik. A gadon bayansa akwai ƙaya wadda idan ya tsorata yakan shige kogon dutse ya miƙe ta, sai wata ƙarama da ke bayanta ta tokare ta, ta yadda ba za a iya zaro shi ba har sai an danna ƙaramar kamar yadda ake danna kunamar bindiga, kuma daga nan sunan ya samo asali. Haƙoran da suka tsorata mai tambaya kuwa, da su yake fasa ƙaguwa da katantanwa da bushiyar teku, wadda yakan fesa wa ruwa da bakinsa har ta kife, sannan ya far mata ta ciki inda ƙayoyinta ba su da tsawo. Wani babba daga cikinsu yana kai santimita 75, kuma yakan ciji masu nutso ne idan sun kusanci ƙwansa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya bai wa kowace halitta makaminta.

Asalin hukuncinsa halal ne. Allah Maɗaukaki ya ce a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida an halatta mana farautar teku da abincinta, kuma Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Imam Malik ya kawo wannan hadisi a Muwaɗɗa. Hadisin Abu Sa'alaba da ya hana cin mai fiƙa yana magana ne a kan namun dajin tudu masu farauta, irin su zaki da damisa, kuma ba a yin ƙiyasin kifi a kansu, domin nassin da ya zo a kan teku bai ware mai haƙori ba. Hatta malaman Hanafiyya, waɗanda suka taƙaita halaccin abin cikin ruwa ga kifi kaɗai, wannan bai fita daga ƙa'idarsu ba, tun da kifi ne.

Inda nake so mai tambaya ya natsu shi ne batun guba, domin ba jita-jita ba ce. Likitoci suna kiran ciwon da take sawa siguwatera. Kifin ba da ita ake halittarsa ba. Tana fitowa ne daga wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu manne wa ciyayin murjani, sai ƙananan dabbobi su ci su, manya su ci ƙananan, gubar ta riƙa taruwa musamman a hanta da kayan ciki da ƙwai. Ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma dafuwa da suya da ƙanƙara ba sa kashe ta. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, leɓɓansa da yatsunsa su yi sanyin jijiya, har ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar yana ƙona shi.

A nan ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa" take aiki, kuma hukuncin yana bin rinjayen zato. Idan masunta amintattu ko hukumar lafiya suka tabbatar cewa kifin wani yanki yana sa wannan ciwo, to cinsa da sayar da shi da ciyar da iyali da shi haramun ne, saboda cutarwar, har zuwa lokacin da za ta gushe. Idan kuwa mutanen wurin sun saba cinsa lafiya, ya ci ba tare da wasuwasi ba, amma ina ba shi shawara ya zubar da hanta da kayan cikin, ya kuma fifita ƙanana a kan manya, domin gubar ta fi taruwa a jikin wanda ya daɗe yana ci.

Allah ne Mafi sani.