Feret a Gida: Nama Ne Abincinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani maƙwabcinmu da ya koma Ingila ya bar wa ɗana wata 'yar dabba mai dogon jiki da ake kira feret. Muna ba ta sauran tuwo da shinkafa, wani lokaci da madara da ayaba, amma sai zawo take yi tana ta ramewa. Me ya dace mu riƙa ba ta?
Daga wata uwa, Rikkos, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da alama abincin ne ya jawo wannan zawo, domin feret, wadda dangin bodari ce, dabba ce mai cin nama zalla. Hanjinta gajere ne ƙwarai, abin da ta ci yakan fita cikin awa 3 zuwa 4, saboda haka hatsi da ganye da 'ya'yan itace suna wucewa ne ba tare da jikinta ya amfana ba. Madara kuwa cikinta ba ya iya narkar da ita. Likitocin dabbobi suna kuma danganta yawan kayan zaƙi da wani ƙari da ke fito mata a wata gaɓa ta cikin jiki da ke sarrafa sukari (pancreas a Turance), wanda ke sa sukarin jininta ya faɗi har ta suma.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ki nemi busasshen abincin 'yan kyanwa mai inganci a shagunan kayan dabbobi, ki duba jikin buhun ki tabbatar nama ne a farkon jerin kayan haɗinsa, furotin ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kitse kuma wajen kashi 20. Na karnuka bai dace ba, hatsi ya yi masa yawa. Ki bar mata shi a kwano yini da dare tare da ruwa mai tsabta, tunda kaɗan-kaɗan take ci, sau da yawa.

Za ki iya ƙara mata naman kaza da fatarsa, da zuciya da ƙundu, da gwaiduwar ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Hanta kuwa 'yar kaɗan ta isa. Kada a sa gishiri ko albasa ko tafarnuwa, kada kuma a ba ta dafaffen ƙashi, domin yana tsagewa ya huda hanji. Tunda gonakin kaji sun yawaita a Jos, sai na ja kunne: kada a karɓo mata mushen kaza don araha, saboda feret tana kamuwa da murar tsuntsaye cikin sauƙi.

Tana da taurin kai a kan abin da ta saba ci tun tana ƙarama, don haka a riƙa cakuɗa sabon abincin a hankali. Amma tunda rama ta riga ta kama ta, ki kai ta wurin likitan dabbobi a makon nan, ya duba ta, ya kuma yi muku bayanin rigakafin ciwon haukan kare.